Baba Hanci da Lagireton Mai Ƙwai

A layin masu gyaran mota, daga mai faci sai mai walda, daga mai walda sai wata rumfar kwano mai ƙafa shida, ɗaya ta karkace. Nan ne garejin Baba Hanci. Babu allo, babu lamba, sai wata kujerar mota da aka ciro tun da daɗewa aka ɗora kan bulo huɗu, a kanta yake zama. Sunansa na yanka kuwa, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna. Kada ka ɗauka girman hanci ne ya jawo masa sunan. Hanci ne madaidaici, har ma ya ɗan baje. Aikin da yake yi ne ya fi na hancin mutane.

A-kori-kura kaɗai yake gyarawa, a cikin cututtukanta ma akwai wadda ya fi ƙwarewa a kai. Ita ce ranar da direba zai buɗe murfin lagireto ya tarar ruwan ya yi kauri, ya koma ruwan ƙasa, kamar shayin da aka cika wa madara aka manta da shi kwana uku. Duk direban da ya ga wannan sai hankalinsa ya tashi, don abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne gasket, wato siririn faifan nan da ke kwance tsakanin kan inji da gangar jikinsa, yana hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. In ya ƙone sai an sauke kan injin gaba ɗaya, mota ta yi mako guda a kwance, hanji waje.

Amma ba kowane kauri ne gasket ba, kuma a nan abincin Baba Hanci yake. Wani lokaci man giya ne ke zirarowa ta wani ɗan bututu da ke ratsa cikin lagireton. Wani lokaci kuma mai motar ne da kansa ya haɗa jan ruwan sanyaya inji da kore, ya ƙara da ruwan rijiya, abin ya haɗu da tsatsa ya dame. A ido duk kamarsu ɗaya. A hanci ne kowa ke faɗin sunan ubansa.

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya koyi wannan, kuma da wuya ya koya. Ya ga kauri a wata mota, bai tambayi kowa ba ya kwance injin, kwana biyu yana fama. Da ya ɗaga kan injin sai ga gasket lafiyayye, ko tabo babu. Ubangidansa bai zage shi ba, bai doke shi ba. Igiya ya samo ya ɗaura wa gasket ɗin, ya rataya masa a wuya, ya ce ya yini da shi, har wurin cin abinci. Daga ranar ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara buɗe inji mai lafiya ba. Shekara talatin da huɗu bai saɓa ba.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Mota in ta zo ba ya ko tashi. Sai ya ce, "Bari ta huce. Mota mai zafi ƙarya take yi, kuma tana ƙona fuska." In ta huce ya taso a hankali, ya buɗe murfin, ya tsoma ƙaramin yatsa, ya rufe ido. Ya kai wa ƙofar hanci ta hagu, ya kai wa ta dama. Layin ya yi tsit, mai walda ma yakan kashe wutarsa. Sannan ya faɗi kalma ɗaya, ya koma kujerarsa. Mu faɗi gaskiya, rabin rufe idon nan ƙawa ce kawai, tun shaƙar farko ya riga ya sani. Amma mutumin da ya tuƙo mota daga nesa yana so ya ga an ɗan sha wahala a kansa.

Tsallaken titi akwai Dogo, bakanike ne shi ma, yana da na'ura mai waya da yake soka wa mota. Hannunsa na da kyau, ba a raba shi da wannan. Illarsa ɗaya, duk kaurin da ya gani gasket ne. Kowace safiya sai ya ɗago murya daga can.

"Baba, yau wa za mu shinshina?"

"Na'urarka za mu fara da ita," in ji Baba Hanci, "na ji kamar ita ma ta ƙona gasket."

Haka suke, ba gaba ba ce, ba kuma za a ce ƙauna ba.

Sai wata damina mura ta kama shi. Mura ce irin ta kowa, ya yi kwana biyar yana atishawa, ta tafi. Ashe da ta tashi tafiya ba ita kaɗai ta tafi ba. Ranar da ya koma gareji aka kawo mota, ya tsoma yatsa, ya rufe ido, ya kai hagu. Shiru. Ya kai dama. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa yatsan, ko bai ɗebo komai ba ne. Ga kauri nan yana naso har farce. Gabansa ya faɗi, faɗuwar da bai taɓa ji ba tun ranar igiya. Ya ce wa direban motar ba ta gama hucewa ba, ya dawo gobe. Da mutumin ya tafi ya zagaya bayan rumfa, ya buɗe jarkar fetur ya cusa hanci har yana taɓa bakin jarkar. Bai ji komai ba sai jiri.

Kwana tara ya yi yana ɓoyewa. Ya ce wa wani yana da ciwon kai, ya ce wa wani kawunsa ne ya rasu, har sai da mai faci ya lissafa ya ga kawun nan sau biyu ke nan yana rasuwa. A gida ma bai ce uffan ba. Matarsa, wadda yara ke kira Inna har shi ma ya bi sahu, ba ta tambaye shi komai ba. A kwana na goma da rana ta ajiye masa shinkafa, ta zauna gefe tana gyaran ƙumba. Ya cinye tas.

"Malam, yaya abincin?"

"Ya yi daɗi, Allah ya yi albarka."

"Ya ƙone," ta ce. "Da gangan na ƙona shi. Maƙwabta har sun leƙo ta katanga suna tambaya ko gobara ce."

Ya ajiye cokali. Ya buɗe baki zai ce ai shi dama yana son ƙanzo, sai ya ga irin kallon da take masa, ya mayar da bakin ya rufe. Sai kawai idonsa ya kawo ruwa. Tsoho da furfura, yana zaune gaban kwano, yana cewa, "Inna, ya tafi. In aka sani, ni wane ne a layin nan? Wani tsoho mai kujera."

Ta kai shi asibiti washegari, da ƙyar, don wanzami ba ya son jarfa. Likita ya leƙa da fitila, ya ce irin wannan yakan dawo, yakan kuma ƙi dawowa, sai haƙuri. Baba Hanci ya fito yana mita, wai da shi ne ya faɗa wa direba haka da an kwashe masa rumfa.

Da suka dawo gida Inna ta jawo kwandon wanki ta zube a gabansa. Ta ɗauki riga ɗaya ta shinshina.

"Wannan ta tun kafin murar ce, ban samu na wanke ba. Ranar gasket ka yi. Ƙauri ne da hayaƙi a ciki." Ta ɗauki wata. "Wannan man giya ne. Shi zaƙi-zaƙi yake, kamar maganin tari da ya daɗe a kwalba. Wannan wandon kuma tsatsa ce kawai, mai motar ne ya yi haɗe-haɗensa."

Ya saki baki yana kallonta.

"A ina kika koyi wannan?"

"Shekara talatin da huɗu ina wanke kayanka, kana cika min kunne da labarin abin da ka yi da su. Ka ɗauka hancina a ajiye yake?"

A nan suka ƙulla. Ta ce amma da sharaɗi, sai ya gyara ƙofar kicin da yake cewa gobe-gobe tun auren babbar 'yarsu. Kafin la'asar ƙofa ta gyaru.

Daga nan aikin Baba Hanci ya sami sabon salo. In ya gama hagu da dama, sai ya ciro farin hankici, ya dangwala a kaurin, ya sa a leda ya ƙulle. Ya ce, "Wannan sai na yi nazari." Ya bi lungun bayan mai walda, tafiyar minti goma, ya shiga gida. Inna ta goge hannu, ta kwance leda, ta faɗi kalma ɗaya. Ya sha ruwa, ya dawo, ya zauna kan kujera, ya bari a ɗan jira, sannan ya maimaita. Abin mamaki, kasuwa sai ta ƙara buɗewa. Direbobi suka ce Baba ya ƙara zurfi, yanzu har nazari yake yi. Wani ma ya rantse akwai ɗakin gwaje-gwaje a gidan. Wata huɗu ana haka, ba a yi kuskure ko sau ɗaya ba. Shi dai in ya kwanta hutun rana yakan ji abin na cin ransa, amma da an kira "Baba Hanci!" daga bakin titi sai ya miƙe da sauri.

Rana dubu ta ɓarawo. Ƙaramar 'yarsu ta haihu a wani gari, Inna ta haɗa jaka ta ce kwana uku za ta yi. Ya yi niyyar rufe garejin ya ce zazzaɓi yake. Da safe ya je don ya ɗaure tamfol kawai, sai ya tarar an riga shi. A-kori-kura fara tana tsaye a bakin rumfa, bonet a buɗe, mutum ya kai goma sha biyar a kewaye.

Motar Mai Ƙwai ce, wani gajeren mutum mai yawan gumi da ke raba ƙwai shago-shago. Motar ita ce ƙafarsa, in ta kwanta mako guda shagunan za su koma wa wani. Ya fara kai ta wurin Dogo, Dogo ya ce gasket, har ya ɗauko sifana. Mai Ƙwai ya ce a dakata, sai Baba ya shinshina. Shi ya sa Dogo da kansa ya tsallako, hannu a ƙugu, ya zo ganin yadda za ta kaya.

"Ta huce tun jiya, Baba," in ji Mai Ƙwai. "Na san dokarka."

Ko wannan ƙofar an toshe. Baba Hanci ya tsoma yatsa, ya yi hagu, ya yi dama, ya ciro hankici, ya ce nazari. Ya bi lungu, ya shiga gidan da babu kowa, ya tsaya tsakar gida da leda a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Ya kira Inna a waya.

"An kawo mota."

"To kwatanta min warin."

"Inna, da zan iya kwatanta miki, zan kira ki?"

Yana jin kukan jariri ta can. Ta ce, "To Malam, sai ka yi abin da ka ga ya dace." Ta kashe.

A hanyar dawowa ya yi ta auna abin. In ya ce gasket, ya bi bayan Dogo, babu wanda zai zarge shi, in ma an buɗe aka ga ba haka ba su biyu za su raba kunyar. In ya ce man giya, ƙila ya dace, ƙila injin ya mutu a hanya da ƙwan mutane a baya. Tafiyar minti goma ta zame masa ashirin. Ya iso ya ga Mai Ƙwai yana share gumi da hula, yana kallon bakinsa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ya kai har gaban kujerarsa, amma bai zauna ba.

"Jama'a," ya ce, "ba na jin wari."

Mai walda ya ce, "Na motar?"

"Na komai. Ko fetur, ko turare, ko ku da kuke tsaye a nan. Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki."

Dogo ya sauke hannu daga ƙugu. Mai faci, wanda Allah ya yi wa son lissafi, shi ya fara farfaɗowa.

"Tsaya, Baba. Wata huɗun nan an kawo mota ta fi talatin, kuma duk ka faɗa daidai. Wa ke shinshina mana?"

Da ƙasa za ta tsage da Baba Hanci ya gode mata. Ya ce, "Inna."

"Wace Inna?"

"Inna nawa gare ni?"

Dariyar da aka yi a layin nan ranar, har masu gyaran babur na can ƙarshe sai da suka aiko a ji ko lafiya. Mai walda ya zauna a ƙasa. Wanda ya rantse da ɗakin gwaje-gwaje ya ce ai bai yi ƙarya ba, kicin ma ɗaki ne. Baba Hanci ya tsaya ya shanye. Da ta lafa ya cire babbar rigarsa ya rataya a ƙusa, ya ce, "Hanci ne ya tafi, ido da hannu suna nan. Ba ni makulli."

Ya tayar da motar a sanyinta, murfin lagireto a buɗe, ya tsugunna yana kallon bakin ruwan ko zai ga kumfa na tasowa, don gasket in ya ƙone iskar inji takan biyo ta nan. Babu kumfa. Ya kashe, ya rufe murfin, ya sake tayarwa, ya matsa babban tiyo, bai yi tauri farat ɗaya ba. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, babu farin hayaƙi, babu danshi. Ya zaro sandar awon baƙin mai, baƙi ne wuluk yadda ya kamata. Sannan ya zaro ta man giya. Ita ce ta fito da fari-fari, kamar an ɗiga mata madara. Bai tsaya nan ba, ya samo kwalba ya cika da ruwa, ya zuba kaurin ya girgiza ya ajiye a rana. Bayan ɗan lokaci mai ya taso sama, da aka ɗaga kwalbar sai ga ja-ja a gefensa. Abin da a da yake yi cikin minti biyu ya ci masa awa biyu, gwiwoyinsa na ƙara, gumi har cikin ido. Amma rabon da ya ji daɗin aiki haka har ya manta.

"Injinka lafiya lau," ya ce wa Mai Ƙwai. "Bututun man giya ne ya tsage a cikin lagireto. A canza lagireto, a wanke giya, gobe da yamma kana kan hanya."

Dogo ya karɓi sandar ya duba, ya duba kwalbar, ya sosa ƙeya. Bai ce komai ba, wanda a wurin Dogo babban yabo ne. Mai Ƙwai kuwa ya yi ta murza hula.

"Ban ƙi ta taka ba, Baba, wallahi ban ƙi ba. Amma yaushe Inna za ta dawo?"

"Jibi."

"To zan jira. Ƙanina zai ara min tasa motar kwana biyu. Ka san abin inji, gara a ji daga tushe."

Wannan ta fi dariyar zafi. Baba Hanci ya ɗauki rigarsa daga ƙusa ya sa, har ya sa ta a baibai bai sani ba.

Ranar da Inna ta dawo ba a bari ta isa gida ba. Mai faci da Mai Ƙwai suka tare ta a bakin titi, ɗaya ya karɓi jaka, ɗaya yana share mata hanya. Ta iso rumfa tana tambayar ko wani abu ya sami Malam. Ta gan shi tsaye a gefe, jikin ƙafar rumfar da ta karkace, ta ga jama'a, ta ga bonet a buɗe, ta gane komai. Aka nuna mata kujera ta ce ba ta gaji ba. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsa. Ba ta rufe ido ba, ba ta yi hagu da dama ba.

"Man giya ne."

Layin ya ɗauki tafi. Mai Ƙwai ya ce Alhamdulillahi sau uku, ya ce shi dama jikinsa ya ba shi. Aka yi ta cewa kai, Inna, Allah ya ƙara basira. Ta bar su suna hayaniya, ta matsa kusa da mijinta tana goge yatsa da tsumma.

"Me ka ce musu shekaranjiya?" ta tambaya a hankali.

"Abin da kika ce."

"Ba hanci?"

"Ba hanci."

Ta juya ta ɗaga murya. "Jama'a, ai Malam ya riga ya faɗa muku tun..." Amma babu mai saurare, ana rigimar wa zai fara kawo tasa motar gobe, kuma ƙarfe nawa Inna ke gama aikin gida. Ta sake buɗe baki, ya taɓa hannunta ya girgiza kai. Ya ɗauki sifana ya shiga kwance lagireton Mai Ƙwai.

Yana cikin haka wata a-kori-kura shuɗiya ta tsaya a bakin rumfa, tana huci. Direban baƙo ne, ba a taɓa ganinsa a layin ba. Ya sauko ya dubi jama'a, ya dubi tsohon da ke sunkuye cikin bonet.

"Sannu da aiki, Baba. An ce in zo nan. Kai ne mijin Hanci?"

Baba ya ɗago. Ya dubi kujerar, ya dubi Inna da ta sunkuyar da kai, ya goge hannu a wando a hankali.

"Ni ne," ya ce. "Kashe ta, bari ta huce."